Wutar Aradu da Wutar Ashana: Wa Ke Yanke wa Daji Lokacin Ƙuna?

A ƙarshen Afirilu ko farkon Mayu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, hadarin farko kan taso wa mutanen Jama'a ta ƙaramar hukumar Gwarzo daga gabas. Iska ce ke fara isowa, ta kwashi ƙura da ledoji ta watsa cikin gidaje, sai walƙiya, sai rugugi. Sau da yawa ruwan da ke biyo baya bai wuce yayyafin kwantar da ƙura ba, wani lokaci ma ko ɗigo ba ya sauka. Manomi ya leƙo ya koma ɗaki, ya san wannan ba na shuka ba ne. Amma a wurin masu tsaron gandun daji, ko a wace ƙasa suke, babu hadarin da ake tsoro kamar wannan mai yawan tsawa da ƙarancin ruwa. Aradu na sauka kan ciyawar da ta yi wata shida ba ta ga ruwa ba, kuma babu ruwan da zai kashe abin da ta kunna.

A Gwarzo da Kabo abin yakan tsaya a kan bishiya guda. A wayi gari a ga ɗorawa ta tsage biyu, ko giginya ta ƙone daga ka, ko a ji labarin shanun da suka fake a gindin tsamiya ba su tashi ba. Wutar ba ta samun abin da za ta bi. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, ƙasar kusan duk gona ce, kuma kafin bazara an kwashe komai: kara ya tafi darni da murhu, an ɗaure harawa an ɗora a kan bishiya ko rufin soro, dabbobi sun lashe abin da ya rage. Michael Mortimore, Baturen masanin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya daɗe yana rubutu a kan yadda manoman kewayen Kano ba sa barin ko tsinke ya tafi a banza. Wannan tattalin, wanda rabinsa hikima ce rabinsa kuma babu ce ta sa, shi ke yi wa yankin aikin 'yan kwana-kwana ba tare da an biya kowa ba.

Tafiyar 'yan sa'o'i kudu, labarin ya sha bamban. Dajin Falgore, wanda titin Kano zuwa Jos ya ratsa, ya mamaye wajen murabba'in kilomita 1,000 a ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Turawa ne suka keɓe shi a 1949 da sunan gandun Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a ƙarshen shekarun 1960, sannan a 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince ya shiga jerin sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, tare da dajin Kogo na Katsina da dausayin Haɗejiya. Ruwan sama a can ya fi na Gwarzo, gamba na tsiro har ta shanye mutum, ga doka da marke da kirya a tsakani. Kogin Kano na bi ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar Tiga. Daji irin wannan yana ƙonewa kusan kowace shekara. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a wane wata, kuma da izinin wa?

Dokar ƙarfe goma

Ƙasar da ta fi kowa jayayya da kanta a kan wannan tambaya ita ce Amurka, inda tsawa ke kunna dubban gobara kowace shekara a dazuzzukan gwamnati. Hukumar gandun dajinta tana da shekara biyar kacal da kafuwa lokacin da, a ranakun 20 da 21 ga Agustan 1910, iska ta haɗe ɗaruruwan ƙananan wutace a jihohin Idaho da Montana suka zama wuta ɗaya. Ta cinye wajen hekta miliyan 1.2, wato fiye da rabin jihar Kano, ta kashe mutum sama da 80, yawancinsu ma'aikatan kashe gobara. Wani jami'i mai suna Ed Pulaski ya tura mutanensa cikin ramin haƙar ma'adinai, ya tsaya a baki da bindiga don kada firgici ya sa wani ya fita, akasarinsu suka tsira. Har yau kayan aikin da masu kashe wutar daji ke riƙewa, gatari a gefe ɗaya fartanya a ɗaya gefen, sunansa yake ci.

Darasin da hukumar ta ɗauka daga wannan bala'i shi ne wuta abokiyar gaba ce. A 1935 ta kafa doka: duk wutar da aka hango, a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. Aka gina hasumiyoyin hange a kan duwatsu, daga 1940 aka fara jefo ma'aikata da lema daga jirgin sama. Kuma sun yi nasara, nasarar da ta dawo ta cije su. Itatuwan ponderosa na yammacin ƙasar sun saba da wuta mai sauƙi da ke bi ta ƙarƙashinsu duk bayan 'yan shekaru, ta share busasshen ganye da ƙananan tsirrai, ta bar manya tsaye. Tabon waɗannan wutace na nan a cikin kututturansu, ana iya ƙirga su shekara bayan shekara. Da aka hana wutar na tsawon shekara 50, sai ƙasa ta cika da makamashi, ƙananan itatuwa suka yi cunkus, suka zama tsanin da wuta ke hawa ta kai kan manya. Wutar da aka hana ba ta fasa zuwa ba, tara ƙarfi ta yi.

A 1968 hukumar gandun shaƙatawa ta ƙasar ta sauya hanya, ta yarda a bar wasu wutacen tsawa su ci. Hukumar gandun daji ta gwada haka a 1972 a dajin Selway-Bitterroot, sannan ta soke dokar ƙarfe goma a 1978. Dajin Gila na jihar New Mexico ya zama abin misali: tun shekarun 1970 ake barin wutar aradu ta yi aikinta a can, har ta kai sabuwar wuta kan iske tsohuwar ƙuna ta mutu da kanta.

Mai jin an ce "a bar ta ta ci" zai zaci naɗe hannu ake yi. Aikin ya fi kashewa wuya. Da farko sai an tabbatar tsawa ce ta kunna ta, domin wutar da ɗan'adam ya tayar, a ƙa'idarsu, kashe ta ake yi ba shawara. Daga nan shugaban gandun ya zauna da masana yanayi su duba danshin ciyawa da na itace, da inda iska za ta kaɗa cikin kwanaki masu zuwa, da nisan wurin da gidaje da turakun lantarki da mashayar gari. A zana iyaka a taswira, a jingina ta da abin da wuta ba ta iya tsallakawa cikin sauƙi: kogi, titi, fako, ko wurin da ya ƙone bara. A cikin iyakar a sa alamomi: in wuta ta kai rafi kaza, a turo ƙarin ma'aikata, in ta kai tudu kaza, a kwashe mutanen ƙauye kaza. Wani gefen a tare shi da layin da aka share da hannu, wani gefen a cinna wuta da gangan daga bakin titi don ta je ta tarbi babbar, wani gefen kuma a sa ido kawai. Kowace safiya sai wani ya sake sa hannu cewa har yanzu ya yarda a ci gaba. Ita kuma wutar aradu tana da wata muguwar ɗabi'a: takan shige kogon bishiya ko saiwa ta yi kwanaki tana ci a ɓoye, ba hayaƙin kirki, sai ranar da iska ta tashi ta fito fili.

Kuma lissafin kan kuskure. A 1988 wutace da dama, wasu na tsawa wasu na mutane, suka cinye kashi 36 cikin 100 na gandun Yellowstone, wajen hekta 320,000. An tura mutum kusan 25,000, an kashe dala miliyan 120, amma dusar ƙanƙarar 11 ga Satumba ce ta karya lagonta. A ranar 4 ga Yulin 2021 tsawa ta kunna bishiya guda a kan wani tsauni a dajin Humboldt-Toiyabe. Jami'ai suka ga wurin dutse ne, kuma ma'aikatansu na can suna fama da wasu wutacen, suka bar ta a ƙarƙashin sa ido. Bayan kwana 12 iska ta taso, wutar da aka sa wa suna Tamarack ta tsallaka daga Kalifoniya zuwa Nevada, ta ƙone gidaje. Shugaban hukumar gandun daji na lokacin, Randy Moore, ya dakatar da tsarin na wannan shekarar. A Yulin 2025 wata wutar tsawa da aka fara lallaɓawa a Grand Canyon ta ƙwace ta cinye tsohon masaukin baƙi mai tarihi. Jami'in da ya kashe wuta da wuri ba wanda zai tuhume shi, ko da ya tara wa na bayansa bala'i. Wanda ya bari ta ci kuwa, in ta ƙwace, sunansa za a kira a majalisa. Shi ya sa har yau wajen kashi 98 cikin 100 na wutacen dajin Amurka tun suna ƙanana ake murƙushe su.

Kruger ta gwada, ta janye

Duk wannan a dajin da ba irin namu ba ne. Wanda ya fi kama da Falgore shi ne gandun Kruger na Afirka ta Kudu, daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, mai damina da rani, wanda girmansa ya kusa na jihar Kano baki ɗaya. Tun 1954 suke da filayen gwajin wuta da ba a daina kula da su ba. Shekaru da yawa suna ƙona gandun yanki-yanki bisa jadawali, sai a 1992 suka rungumi ra'ayin da ke tashe a lokacin: a bar wutar aradu kaɗai, tunda ita ce ta Allah da annabi, duk wadda mutum ya kunna a kashe.

Shekara goma ba ta cika ba suka gane ba za ta yiwu ba. Mafi yawan filin da ke ƙonewa ba tsawa ce ke kunna shi ba, mutane ne: mafarautan sata, da masu ratsa dajin da ƙafa daga Mozambik. Ma'aikata suka ƙare a guje-gujen kashe wutar da ciyawa ke nema ko ta halin ƙaƙa. A Satumbar 2001 wata gobara kusa da sansanin Pretoriuskop ta kashe mutum 23, akasarinsu talakawan da aka ba izinin yankan ciyawar rufin ɗaki, da jami'an gandun huɗu, da giwaye. Daga 2002 aka koma wani tsari: jami'ai su riƙa cinna ƙananan wutace nan da can tun farkon rani, a bar wa tsawa nata rabon idan lokacinta ya zo.

Da masana ƙarƙashin Brian van Wilgen suka tattara bayanan shekaru da dama suka buga a 2004, sai suka ga abin da ya kamata duk wani kwamishinan muhalli ya sani. Ko wace doka aka bi, yawan filin da ke ƙonewa a shekara bai wani sauya ba. Ruwan saman da aka samu a daminun baya ne ke yanke shi: damina mai albarka, ciyawa mai yawa, wuta mai yawa. Abin da dokar hukuma ke iya sauyawa shi ne lokacin da wutar za ta ci, da ƙarfinta, da ko za ta ci a dunƙule ko a rarrabe.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Afirka ta Yamma. A 1929 ma'aikatan daji na zamanin Turawa suka yanka filayen gwaji a gandun Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta, Faransawa kuma suka yi irinsa a Kokondekro kusa da Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa a shekarun 1930. Fili ɗaya a ƙona shi da farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya a hana masa wuta sam. Bayan shekaru, wanda aka hana wa wuta ya rufe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa. Wanda ake bari sai ciyawa ta bushe ƙamas kafin a cinna masa, ya koma fili mai 'yan tsirarun itatuwa masu kaurin ɓawo. Dalilin a bayyane yake. A Nuwamba ciyawa na da sauran danshi, raɓa na sauka da dare, wuta na tafiya a hankali, ta tsallake kwari da inuwa, ta mutu kafin asuba. A Fabrairu da Maris, bayan iskar hunturu ta tsotse komai, wuta ɗaya kan tashi sama da tsayin mutum biyu, ta kashe 'ya'yan itatuwa, ta babbake furen kaɗanya, ta bar ƙasa tsirara ga guguwar bazara da ruwan farko mai zaizaya.

A nan ne batun aradu ya dawo gida. Tsawar ƙasar Hausa mafi yawanta a tsakiyar damina take, lokacin da ko an zuba kananzir ciyawa ba za ta kama ba. Ragowar, ta hadarin farko, tana zuwa ne a daidai watan da daji ya fi bushewa. Idan an bar gamba tsaye ba a taɓa ba tun kaka, aradu ɗaya ta isa. Idan kuwa an riga an yi ƙunar wuri a rarrabe, wutar za ta ci kaɗan ta ci karo da baƙar ƙasa. Ke nan wutar tsawar Mayu a watan Nuwamba ake kashe ta.

Wa ke riƙe da ashana

Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan kashi 70 cikin 100 na duk filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake, kuma kusan duka hannun mutum ne. A Kanada, inda gobarar 2023 ta ci wajen hekta miliyan 15, tsawa ce ke da alhakin mafi yawan ɓarnar. A arewacin Najeriya kowa ya san masu ita. Akwai 'yan farauta da ke fita rundu-rundu da karnuka da gora bayan an gama kaka, su cinna wa ciyawa wuta don zomo da gafiya su fito. Akwai mai cire zuma da ya jefar da bakin wutarsa a gindin bishiya ya tafi. Akwai makiyayin da ke ƙona tsohuwar ciyawa don toho ya fito wa shanunsa, da manomin da ya tara sassabe ya kunna da tsakar rana iska na kaɗawa, da mai gawayi, da direban da ya wurgo guntun sigari ta taga a hanyar Falgore.

Ba dukansu ne mahaukata ba, kuma kuskure ne a zuba su a kwando ɗaya. Paul Laris, wani masanin Amurka da ya yi bincike a kudancin Mali, ya nuna cewa mutanen karkara na bin tsari: suna fara ƙona gajeriyar ciyawar kan fako da zarar ta bushe, su bi da sauran wurare a hankali yayin da rani ke tafiya, har daji ya zama dabbare-dabbare, nan ƙuna, nan ɗanye, nan busasshe, yadda babbar wuta ba za ta samu doguwar hanya ba. A shekarun 1980, bayan fari, gwamnatin Musa Tarawure ta haramta ƙona daji kwata-kwata tare da tara mai tsanani. Wuta ba ta daina ci ba. Mutane suka daina ƙonawa a fili da wuri, wutar ta koma ta sata, ta ƙarshen rani, wadda ba mai cewa shi ya kunna balle ya tsaya ya kula da ita. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1991 aka sassauta dokar.

Najeriya na da tata dokar. A 2011 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, waɗanda suka ce sai da izini. A takarda ba laifi. Amma a tambayi manomi a Lakwaya ko Durun inda ake karɓar wannan izini, a ga irin kallon da zai yi wa mai tambayar. A da akwai wanda ake tambaya. Sarkin dawa da sarkin baka sun san wace fadama ba a taɓawa, dagaci na sa a yi shela kafin a fita farauta, malamin daji na En'e na da sanda da iko. Yau sarautun na nan, ikon ya tafi, kuma ba a ba wa kowa shi ba. Motar kashe gobara ta jiha an yi ta ne don kasuwa da unguwa, ba ta da abin yi a tsakiyar gamba. Ga kuma matsalar tsaro: dajin da ɓarayin shanu da masu garkuwa suka mayar mafaka, irin Rugu ta Katsina da Kamuku ta Birnin Gwari, ba ma'aikacin da zai shiga da ashana da taswira a watan Nuwamba. Falgore ma ta sha wannan, har sojoji suka mayar da wani sashe nata filin atisaye a 2017.

Daga Bermo zuwa Kabo

Maƙwabta a Nijar sun ɗauki wata hanyar, domin a wurinsu ciyawa ita ce dukiya. A yankin makiyaya na Bermo da Dakwaro a jihar Maraɗi, da Abalak a jihar Tawa, busasshiyar ciyawar da damina ta bari ita ce abincin dabbobi har wata daminar, kuma ba irin wadda ke toho bayan wuta ba ce. In ta ƙone, ta tafi ke nan sai baɗi. Don haka can ba a maganar ƙunar wuri. Da zarar ruwa ya ɗauke, gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan biya mutanen karkara kuɗi su share dogayen layuka masu faɗin mita 15 zuwa 20 a cikin daji, wani ya gitta wani, don wuta ta iske ƙasa tsirara ta tsaya. Ciyawar da aka kwashe daga layin a ɗaure ta a ajiye ko a sayar. A wannan yankin ne gandun Gadabeji yake, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma mayar wa da raƙuman dawa a 2018. Talaka ya samu aikin rani, makiyayi ya samu abin kiwo, ba a sayi jirgin sama ko ɗaya ba.

A arewacin Ostireliya kuwa ƙunar wuri ta zama sana'a. A 2006 'yan asalin yankin Arnhem ta Yamma suka fara karɓar kuɗi daga wani kamfanin iskar gas don su ƙona dajinsu da farkon rani yadda kakanninsu ke yi, saboda an auna an ga wutar wuri ba ta fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya kamar ta ƙarshen rani.

Gwarzo da Kabo kuwa ba Falgore ba ne, ba kuma Bermo ba. Hatsarinsu na cikin 'yan makonnin kaka, lokacin da dammunan dawa da gero ke jibge a gona, waken suya na shanye, ga kara tsaye ko'ina. Wutar da yara masu neman ɓera suka kunna a kan iyakar gona na iya cinye noman shekara kafin a ɗebo ruwa. Sai kuma ragowar wuraren da ciyawa ke samun sakewa: burtali, makiyaya, bakin rafi, gefen madatsun ruwa irin Challawa ta Ƙaraye, da dajin Dansoshiya na ƙaramar hukumar Kiru, wanda gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ware don tsugunar da makiyaya. Akwai kuma sababbin shuke-shuke. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Duk inda aka kewaye fili aka dasa itatuwa aka hana dabbobi shiga, ciyawa za ta taru yadda ba ta taɓa taruwa ba, kuma dashen shekara biyu ba ya jure ko wuta mai sauƙi. Ana yawan ɗaukar hoton ranar dashe. Kasafin share layin wuta a kewayen dashen kowace Oktoba shi ne ba a cika jin labarinsa ba.

Manomi ma yana da nasa lissafin. Tokar kara na ba ƙasa ɗan kanwa, shi ya sa shuka kan yi kore shar a inda aka yi ƙuna, amma sinadarin naitirojin, wanda ake sayen buhun yuriya dominsa, yawancinsa hayaƙi yake bi. A farashin taki na yanzu, wanda ya ƙone ragowar gonarsa ya ƙone kuɗi.

Kayan aikin sanin inda wuta take ba su da tsada kuma. Hukumar NASA na da shafin FIRMS a intanet, kyauta, wanda ke nuna ɗigon duk wata wuta da tauraron ɗan'adam ya hango cikin sa'o'i kaɗan, kuma yana ajiye da bayanan fiye da shekara 20. Ɗalibi a Jami'ar Bayero da kwamfuta ɗaya zai iya fitar da taswirar watan da kowane sashe na Falgore ke ƙonewa tun farkon shekarun 2000. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma darasin Kruger ya nuna daminar da ta yi kyau gargaɗi ce ga ranin da ke biye. Abin da tauraro ba zai yi ba shi ne zaman da za a yi a ƙofar hakimi a farkon Oktoba, da arɗo da sarkin baka da sarkin noma da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma, a yanke cewa fadama kaza ba za a taɓa ta ba sai masu yankan gamba da shuci sun gama, tudu kaza za a ƙona shi da yamma bayan la'asar a mako na biyu na Nuwamba, matasan unguwa kaza ne za su tsaya da ɗanyen ganye a bakin layi, kuma duk wutar da ta tashi bayan Disamba a nemi mai ita.